Mu Auna Mantuwarmu Kafin Mu Ɗora wa Shaiɗan Laifi

Akwai wani abu da ke taɓa kusan kowane gida a cikinmu, amma ba kasafai akan kawo shi gaban ikkilisiya ba sai ya girma ya zama abin kunya ko abin kuka. Abin nan kuwa shi ne mantuwa da shagala da suɓutar hannu irin na yau da kullum. Mace ta shiga ɗaki ta tsaya tana raba ido, ta rasa abin da ya kawo ta. Magidanci ya kai bakin titi ya komo duba ƙofa, alhali kuwa ya riga ya kulle. Mai karatun Lahadi ya maimaita aya guda bai sani ba. Uwargida ta zuba gishiri a miya, ta juya ta sake zubawa. Wani ya yi wa baƙo kwatance ya ce masa ya bi dama, hannunsa kuwa yana nuna hagu. In abin ya faru sau ɗaya mukan yi dariya mu wuce. In ya yawaita sai fassara ta tashi, kuma a wurinmu fassarar ba ta cika wuce uku ba: ko a ce aikin Shaiɗan ne, ko a ce sammu aka yi wa mutum, ko a ce ai tsufa ne, sai haƙuri. Mu dai a ganinmu dukan ukun nan rufe bakin magana suke yi tun ba a fara ta ba. Kafin mu raɗa wa abu suna, ya kamata mu san yawansa, da lokacin da yake zuwa, da ko ƙaruwa yake yi ko raguwa.

Masana halin ɗan Adam sun daɗe da ƙirƙiro ma'auni domin wannan. Wanda ya fi shahara shi ne wata takardar tambayoyi da wani Baturen Ingila mai suna Donald Broadbent ya fitar tare da abokan aikinsa uku a Jami'ar Oksfod a shekarar 1982. Masana suna kiranta da haruffa uku, CFQ. Tambayoyi 25 ne a cikinta, kuma mutum da kansa yake amsawa game da watanni shida da suka wuce. Kowace tambaya tana da amsa biyar, daga sifiri, wato abin bai taɓa faruwa ba, har zuwa 4, wato yana faruwa ƙwarai da gaske. In an haɗa jimla sai ta faɗa tsakanin sifiri da 100. Tambayoyin kuwa ba na boko mai zurfi ba ne. Ana tambayar mutum ko yakan karanta abu ya ga hankalinsa ba ya wurin har sai ya sake karantawa, ko yakan wuce alamar hanya bai lura ba, ko yakan bangaji mutane, ko abu yakan suɓuce daga hannunsa, ko yakan manta alkawarin saduwa, ko yakan je kanti ya manta abin da ya je saye, ko yakan yar da abin da yake so ya riƙe wanda ya yi niyyar yarwa. Har fushin da mutum kan yi ya komo yana da-na-sani an saka a ciki.

Abin da ya ba mu sha'awa a aikin Broadbent shi ne, ya lura waɗannan kurakurai tafiya suke yi tare. Wanda ya ce yana yawan mantuwa, sau da yawa shi ne kuma zai ce yana yawan shagala, yana yawan yar da abu. Sun gwada takardar a kan ɗalibai masu koyon aikin jinya, suka ga waɗanda makinsu ya yi yawa tun farko su ne suka fi shiga damuwa sa'ad da aka tura su ɗakunan asibiti masu tsananin aiki. Daga baya, a 1997, wani bincike da aka yi a kan sojojin ruwa na Amurka ya nuna alaƙa tsakanin yawan maki da shiga hatsari. Ashe ke nan mantuwar da muke yi wa dariya a tsakar gida tana iya bin mutum har kan titi, har gaban inji.

Wani masanin kuma, James Reason, shi ma ɗan Ingila, ya bi ta wata hanya dabam wajen ƙarshen shekarun 1970. Ya roƙi mutane su riƙa rubuta duk wani abin da suka yi ba yadda suka nufa ba, na tsawon mako biyu. Shi kansa abin da ya jawo hankalinsa ga wannan bincike abin dariya ne: yana haɗa shayi kyanwarsa ta dame shi da kuka, ya buɗe gwangwanin abincinta, sai ya tarar ya zuba a butar shayi. Da ya tattara rubuce-rubucen mutanen sai ya ga kurakuran ba a sabon aiki suke aukuwa ba. A aikin da hannu ya riga ya saba suke zuwa, a wurin da mutum ya sani, sa'ad da zuciya ta tafi wani tunani. Hausawa sun riga shi faɗa da suka ce gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin uwar da ta shekara ashirin tana tuƙa tuwo amma yau ta ƙona miya. Ba ƙwarewarta ce ta tafi ba. A tambaye ta ko kuɗin makarantar yara ya samu, ko ta yi barci jiya da dare.

Mun san wani zai ce, ina ruwan mai bi da takardar Turawa, ba addu'a ta isa ba? To, mu duba Littafi Mai Tsarki da kansa. Manzo Bulus, a babi na fari na wasiƙarsa ta fari ga Korantiyawa, yana lissafta waɗanda ya yi wa baftisma, ya ambaci biyu, sai ya tuna da wani gida da ya tsallake ya ƙara shi, sa'an nan ya nuna bai tabbata ko da saura ba. Bai ce Shaiɗan ya shiga tsakani ba, bai kuma goge wurin don kunya ba. A Markus 8 almajirai goma sha biyu sun shiga jirgi sun manta guzurin gurasa, Ubangiji kuwa bai tsawata musu saboda mantuwar gurasar ba, rashin fahimtarsu ne ya dame shi. Annabi Iliya, da ya gaji har ya roƙi mutuwa a jeji, abin da aka fara ba shi barci ne da abinci da ruwa, har sau biyu, kafin a yi masa wata magana. Amma misalin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne na Barzillai a 2 Sama'ila 19. Dattijo ne mai arziki, ya ciyar da Sarki Dawuda a lokacin gudun hijira. Da sarki ya gayyace shi ya zauna a fada a Urushalima, sai ya auna kansa a gaban sarki. Ya ce shekarunsa 80, ɗanɗanon abinci ya ragu, kunnensa ba ya jin mawaƙa kamar dā, don haka a ba Kimham wannan matsayi. Wannan dattijo bai jira an gaya masa ba, bai kuma yi fushi da tsufansa ba. Mu da muke koya wa 'yan ajin baftisma cewa kowa ya binciki kansa kafin ya kusaci Jibin Ubangiji, bai kamata auna kai ya zama baƙon abu a gare mu ba.

Sai dai a nan dole mu rarrabe. Binciken zuciya kafin Jibin Ubangiji neman zunubi ne domin a tuba. Auna mantuwa kuwa ba neman zunubi ba ne. Wanda ya manta inda ya ajiye mabuɗi bai yi wa Allah laifi ba. In muka cakuɗa biyun za mu ɗora wa masu raunin zuciya nauyin da Allah bai ɗora musu ba, kuma a cikin kowace ikkilisiya akwai irin waɗannan bayin Allah, masu ɗaukar kowane tuntuɓe a matsayin horo daga sama.

Yanzu kuma ga inda takardar take da rauni, kuma masu ita ba su ɓoye ba. Abin da take aunawa shi ne abin da mutum yake gani game da kansa, wanda ba lallai ne ya zama ainihin abin da ke faruwa ba. Tun a rahoton 1982 an ga cewa makin mutum ba ya cika dacewa da sakamakon jarrabawar tunawa da ake yi masa a ɗakin bincike. Mai baƙin ciki ko fargaba yakan ba kansa maki mai yawa, domin yana ƙirga kowane kuskure yana ajiyewa a rai. Abin mamaki kuma, bincike ya sha nuna cewa dattawa sukan ba kansu maki daidai da na matasa, wani lokaci ma ƙasa da nasu. Dalili ɗaya shi ne dattijo ya rage hidimomi, don haka wuraren kuskure sun ragu. Dalili na biyu ya fi ban tsoro: kafin ka faɗi yawan mantuwarka sai ka tuna cewa ka manta. Wanda cutar mantuwa ta fara kamawa da gaske, irin wadda muke kira gigin tsufa, sau da yawa ba ya ganin kome a tare da shi. Zai amsa tambayoyin nan da sifiri, yana murmushi, alhali jiya jikansa ne ya komo da shi gida daga kasuwar da ya shekara arba'in yana zuwa. Saboda haka wanda ya fi kuka da mantuwa ba lallai shi ne ya fi ciwo ba, wanda kuma ya ce lafiyarsa lau ba lallai lafiyar ce ba.

To in haka ne, ina amfaninta? Amfaninta yana fitowa ne in an haɗa ta da shaidar wani. Broadbent da abokansa sun yi wata gajeriyar takarda da mijin mutum ko matarsa za su cika game da shi. A nan ƙasarmu ma an bi wannan hanya. A farkon shekarun 1990 likitocin Jami'ar Ibadan, cikinsu har da marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi, sun haɗa kai da na Indiyanafolis ta Amurka ƙarƙashin Hugh Hendrie, suka bi dattawa masu shekara 65 zuwa sama gida gida. Sukan yi wa dattijon tambayoyi, sa'an nan su zauna da wani na kusa da shi su tambaye shi abin da ya canja. Sakamakon da suka buga a 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin ɗari na dattawan Ibadan suna da cutar, na baƙaƙen fatar Indiyanafolis kuwa kashi 8.24. Ko da adadin namu ya fi ƙanƙanta, ya isa ya nuna cutar tana nan a cikinmu, ba ta Turawa kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ne suke fama da ita a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Shari'ar Musa ba ta tabbatar da magana da bakin shaida guda ba, to haka ma a nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma rufin ƙwaƙwalwa wani lokaci na kusa ne yake fara ganin ɗigon.

Inda abin ya fi ci mana rai shi ne batun tsofaffin mata. Tsohuwa ta fara fita da dare ba ta san inda za ta ba. Ta kira sunan mijinta da ya rasu shekara goma ta ce yanzu ya fita. An tsare ta da tambaya, cikin ruɗewa ta amsa duk abin da aka sa mata a baki. Kafin gari ya waye an ce mayya ce, ta yi furuci da bakinta. Akwai wuraren da aka kori irin waɗannan iyaye daga gidajensu, akwai inda aka doke su, kuma abin kunya shi ne wani lokaci a taron addu'a ake fara nuna su da yatsa. Da a ce iyalin sun riƙa lura tun shekara biyu baya, sun rubuta cewa Kaka ta fara manta sunayen jikoki, ta fara ɓata a hanyar majami'a, ta fara kasa ƙirga canji, da ranar da ta fita da dare sun gane ci gaban ciwo ne, da asibiti aka nufa da ita. Takarda guda a cikin Littafin Waƙoƙi, mai kwanan wata da shaidar ɗiya ko suruka, tana iya tsayawa tsakanin tsohuwa da masu jifa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ikkilisiya ta ɗauki wannan al'amari da muhimmanci.

Kada kuma a ɗauka zancen tsofaffi ne kawai. Yawancin mantuwar masu shekara talatin da arba'in tana da dalilin da za a iya gyarawa: ƙarancin barci, damuwa, ƙarancin jini, yunwa, giya, ko ƙwayoyi. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda yake lalata matasa, kuma kada mu ruɗi kanmu cewa 'ya'yan masu bi ba sa cikin masu shan kodin da tiramol, ko cewa burkutu ba ya shiga gidajenmu. Ga kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye, mu shugabannin sujada. Masu bincike a Ostireliya sun nuna a 1997 cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa sukan ragu kamar na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa direba. In ya kai awa 24 sai abin ya kusa ninkawa. Yanzu a duba yadda muke yi. Mu kwana addu'a daga ƙarfe tara na dare har asuba, direban da ya kawo 'yan Zumuntar Mata yana zaune tare da mu yana waƙa, da gari ya waye mu ɗora masa rayuka goma sha takwas, mu yi addu'ar kiyayewa, ya kama hanya. Da giya muka ji a bakinsa da ba mu bar shi ya taɓa sitiyari ba, da ma an kai shi gaban dattawa. Aftikos ya faɗo daga bene na uku a Taruwasa ne domin wa'azi ya yi tsawo barci ya sace shi, kuma Manzo Bulus ne mai wa'azin. Ba kowace ikkilisiya ke da Bulus da zai tashe shi ba. A ba direba tabarma da ɗaki ya kwanta, ba rashin ruhaniya ba ne.

Har gigin tsufan ma ba duka ne ƙaddarar da ba a iya taɓawa ba. Kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya lissafta abubuwa 14 a rahotonsa na 2024, waɗanda ya ce in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani da ba a yi wa magani ba, shan taba, yawan giya, baƙin ciki, bugun kai, ƙarancin karatu tun ƙuruciya, da zaman kaɗaici. In aka duba jerin nan za a ga da yawa suna cikin abin da ikkilisiya ta saba yi tun zamanin mishan: makaranta, ɗakin shan magani, ziyarar gwauraye. Na'urar auna hawan jini guda ɗaya a hannun ma'aikaciyar jinya da ke cikin ikkilisiya, ranar Lahadi bayan sujada, ba za ta ci kuɗin da muke kashewa a kan lasifika ba.

Ga yadda muke ganin za a yi. Kada a kwafo tambayoyin Broadbent kai tsaye, domin an tsara su ne don mutanen Ingila masu karatu, masu jiran wasiƙa da bin alamun titi. Takardar da aka fassara ba tare da masana sun gwada ta a kan mutanenmu ba, makinta ba shi da ma'anar da za a dogara a kai, kuma ko a asalinta ba a yi ta don gano cuta ba. Abin da za mu ara shi ne dabarar. Kowane gida ya zaɓi abubuwa kamar goma daga rayuwarsa: barin tukunya a wuta, manta shan magani, ɓatar da kuɗin cefane, maimaita labari guda a zama ɗaya, kasa tuna sunan maƙwabci, tuntuɓe da faɗuwa, ɓata a hanyar da aka sani. Mutum ya amsa da kansa ko abin ba ya faruwa, ko jefi-jefi, ko sau da yawa. Wani na kusa ya amsa nasa dabam, ba tare da ya ga na farkon ba. Wanda ba ya karatu a karanta masa. A sa kwanan wata, a ajiye, bayan wata shida a sake. Ba a gwada makin wani da na wani. Abin dubawa shi ne mutum da kansa na wata shida baya, da kuma tazarar da ke tsakanin amsarsa da ta shaidarsa. In shi yana kuka da mantuwa iyali kuwa ba su ga kome ba, a duba barcinsa da damuwarsa. In iyali suna ganin canji shi kuwa yana cewa ba kome, a nufi likita, a tafi da takardun duka biyu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano, amma ko likitan babban asibitin gari zai iya fara auna jini da suga ya tura mutum gaba.

Muna kuma yi wa dattawan ikkilisiya gargaɗi guda. Wannan takarda ta gida ce, ba ta ofishin fasto ko katikis ba. Kada ta zama makamin sauke ma'aji ko tsohon dattijo da wasu suka gaji da shi. In ma'aji ya fara rikita lissafin baiko, a sa mutum biyu su riƙa ƙirgawa tare da shi, wanda dā ma haka ya kamata a yi ko lafiyarsa ƙalau, sa'an nan a yi magana da iyalinsa a asirce. Sau da yawa kafin a ce wa mutum ɓarawo, gara a fara tambaya ko yana shan maganin hawan jininsa.

Akwai kuma inda ba a jiran wata shida, ba a cika takarda, ba a kiran taron addu'a tukuna. In mutum ya ruɗe farat ɗaya, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, ko magana ta sarƙe, alamun shanyewar ɓarin jiki ne, kuma awoyin farko su ne suke da muhimmanci. In mai ciwon suga ne da ke azumi ya fara gumi da karkarwa da sambatu, sugansa ne wataƙila ya faɗi, a ba shi abu mai zaƙi in yana iya haɗiya. In tsoho ne ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman da zazzaɓi, galibi wata cuta ce a jiki da magani zai iya warkarwa. A nemi mota a kai shi asibiti nan take, masu addu'a su bi su a baya ko su yi a cikin motar.